Abin da Fijon Baba ta koya mini a ƙarƙashin rami

Ina shekara ta biyu da fara koyon kanikanci a Kaduna aka kawo mana wata Peugeot 504 wagon, wadda kowa ke kira Fijo. Mai ita dattijo ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, kuma tun tana sabuwa take hannunsa. Faransa ta fara ƙera 504 a 1968, kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) ya fara harhaɗa Peugeot a unguwar Kakuri a 1975, aka yi kusan shekara 30 ana fitar da ita a nan. Shi ya sa har gobe ba ka rasa kayanta a kasuwar Panteka. Ƙorafin Baba biyu ne: salansa tana ruri, birkin hannu kuma ba ya kamawa, sai ya sa dutse a bayan taya.

Maigidana ya miƙo mini sufana ya ce in fara da salansa. Na shiga rami, na kama notin da ke ɗaure bututun salansa da manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga injin, na sa ƙarfi. Ƙusar da notin ke kai ta karye a ciki. Aikin awa biyu ya koma na kwana biyu, don sai da aka ciro manifol aka huda guntun aka fitar. Maigida bai yi faɗa ba. Ya ce, “Yaro, ƙarfen da ya shekara 30 yana shan wuta da ruwa ba a yi masa gaggawa.” Ya nuna mini yadda ake goge tsatsa da burushin waya, a jiƙa notin da mai ya kwana, in ya ƙi a gasa shi da wutar walda har ya yi ja, sannan a riƙa juya shi gaba kaɗan, baya kaɗan. Sauran notocin haka suka fito lafiya.

Wajen ɗora sabuwar salansa ma akwai tsari. Ba a ɗaure ko ɗaya tamau sai an rataye bututun gaba ɗaya, an ga ya zauna bai taɓa jikin mota ba, sannan a bi daga gaban injin zuwa baya. Ya sa na toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci injin na aiki, muna sauraron inda iska ke fita. A wagon wannan ba abin wasa ba ne, domin hayaƙin na iya shigowa ta ƙofar baya, gubar da ke cikinsa kuwa ba ta da wari, kuma yara ne ke zama a kujerar ƙarshe.

Da muka zo kan birkin hannu, na zaci ƙara ɗaure kebul ne kawai. Maigida ya ce in bi shi da hannu tukuna daga gaba har taya. A daidai inda ya gitta kusa da salansa na tarar rigarsa ta ƙone, ruwa ya shiga, wayar ta yi tsatsa ta maƙale. Sai a lokacin na lura robar da ke rataye salansa ta tsinke tun tuni. Ita ta saki bututun ya karkata ya jingina da kebul, nauyinsa kuma ya tsaga mahaɗar da ke ruri. Ashe cutar biyu tushensu ɗaya, wata 'yar roba da ba ta kai tafin hannu ba. Da mun sauya kayan muka bar ta, da ba a jima ba Baba ya dawo.

Mun sauya kebul na ɓangare biyu, don in ɗaya sabo ne ɗaya ya miƙe, taya ɗaya ce za ta kama. Muka buɗe durom, wato kwanon birkin da ke cikin tayar baya, muka daidaita takalman birki, sannan muka ja kebul. In aka fara da kebul, taya za ta riƙa ja, durom ya yi zafi a hanya.

Da yamma Baba ya zo. Maigida ya ce, “Baba, a gwada ta a gangaren can.” Baba ya tsayar da ita, ya ja birkin hannu, ya ɗaga ƙafarsa. Ba ta motsa ba. Ya buɗe but ya ciro dutsen nan ya ajiye a gefen titi, ya ce da ni, “Allah ya yi maka albarka, ɗana.”