Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yaran da Aka Ba Tlaloc

A makon jiya na tsaya a inda abokin karatuna, ɗan ƙasar Meziko, ya kai ni tsakiyar babban birninsu. Dab da babbar majami'a akwai kufan haikalin Aztek, mutanen da suka mulki yankin a da, da ake kira Templo Mayor, wanda aka shiga tonowa gadan-gadan a 1978, bayan ma'aikatan lantarki sun ci karo da wani faskeken dutse mai siffar gunkiya Coyolxauhqui, an sassaƙa ta gunduwa-gunduwa, kai daban, hannuwa daban.

Kafin Sifaniyawa su ci birnin a 1521, ɗakuna biyu ne a ƙolin haikalin, na Huitzilopochtli gunkin yaƙi da rana, da na Tlaloc gunkin ruwan sama. A gaban na farkon ake kwantar da fursunan yaƙi a kan dutse a fiddo zuciyarsa. Amma abin da ya tsaya mini a rai yana gefen Tlaloc, inda aka tono ƙasusuwan yara 42 a cikin akwatin dutse guda, kuma masana suna danganta kisan nasu da farin da ya addabi ƙasar daga 1450 zuwa 1454, lokacin da yunwa ta sa iyaye sayar da 'ya'yansu saboda masara. Hawayen yaron da ake kaiwa hadaya, a wurin Aztek, bushara ce ta damina.

Na ce wa abokina ban taɓa jin gumaka marasa imani irin waɗannan ba. Sai ya amsa cewa kakanninsa bashi suke ganin suna biya, domin a imaninsu gumakan ne suka fara ba da ransu a tsohon birnin Teotihuacan, inda gunki Nanahuatzin ya faɗa wuta ya zama rana.

Ni da na tashi inda ake fita roƙon ruwa idan gero ya fara yaushi, na san fargabar da fari ke sa wa mutum, kuma na tausaya wa iyayen nan matuƙa. Duk da haka bayaninsa bai wanke masu mulki a idona ba, domin yawancin waɗanda aka kashe kamammun yaƙi ne da bayi, kuma sarakunan Tenochtitlan, wato babban birnin Aztek ɗin, sun mai da bikin hanyar razana maƙwabta. Mutanen Tlaxcala, waɗanda aka daɗe ana kwasar samarinsu, su ne suka mara wa Cortés, jagoran Sifaniyawa, baya, kuma garinsu muka nufa washegari, kamar yadda zan kawo mako mai zuwa in Allah Ya yarda.