Ba kullum sabis ne mai laifi ba

A shagon da nake koyar da kwamfuta a wani ƙauye kusa da Ringim, MiFi ɗaya ke ɗauke da mu duka, sola kuma ke ba mu wuta. Windows ce a kan kwamfutocin, don haka a cikin VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar wata kwamfuta a cikin kwamfuta, muke koyon Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta irin na Linux. Data na da tsada, shi ya sa na girka a kwamfuta guda, na kwafe jakar gaba ɗaya a filas, na zuba wa sauran.

Muna kan NAT, saitin VirtualBox da Ubuntu ke bi ta Windows ta shiga intanet, lafiya lau. Kowace Ubuntu na karɓar adireshin 10.0.2.15, ta fake a bayan Windows ɗinta, ba ruwanta da maƙwabciya. Ranar da na mayar da su Bridged, saitin da kowace Ubuntu ke karɓar adireshi kai tsaye daga MiFi, don yara su ga yadda kwamfutoci ke magana da juna, sai intanet ya dinga zuwa yana ɗaukewa.

Wani ɗalibi ya miƙe: "Malam, sabis ne, bari in ɗora MiFi a kan katanga." Ban ga laifinsa ba, a nan sau da yawa hakan ne. Amma Windows na buɗe shafi ba gardama, alhali MiFi ɗaya suke sha. Na ce ya dawo ya zauna.

Muka buga umarnin "ip a", mai nuna adireshi, a kowace Ubuntu. Adireshi iri ɗaya MiFi ta ba su duka! Da muka duba lambar MAC, wato lambar shaidar katin network, wadda a VirtualBox take farawa da 08:00:27, ita ma ɗaya ce, domin kwafin jaka har da ita yake tafiya. MiFi na ganin kwamfuta guda ce ke ta neman adireshi, sai ta maimaita amsa, saƙon wannan ya faɗa hannun wancan. Muka kashe kowace, muka shiga saitin Network, muka danna ɗan maɓallin da ke gefen MAC ya ba da sabuwa. Ubuntu Server kan gabatar da kanta ga MiFi da machine-id, wata lambar shaida da ke cikinta, don haka shi ma sai da muka sabunta.

Yanzu kafin kowa ya taɓa MiFi, sai ya nuna min Windows na buɗe shafi, sannan adireshin Ubuntu, sannan ya yi ping, wato ya aika saƙon gwaji, zuwa 8.8.8.8. In lamba ta amsa amma google.com ya ƙi, to DNS, mai juya suna zuwa lamba, za mu gyara.