Me ya haɗa ɗan Zariya da tashar jirgin ruwa?

Wani abokina a Samaru ya tura min wannan tambayar a WhatsApp bayan na ce masa ina so mu fara shirin shiga hakaton na harkar tashoshin jiragen ruwa. Ya ce kai da ko teku baka taɓa gani ba sai rafin Kubanni, me zaka je ka gyara musu? Na kwana ina juya maganar, shi yasa nace bari in zauna in rubuta amsar a nan kowa ya gani.

Ga wanda bai san hakaton ba, gasa ce da ake tara masu rubuta manhaja da masu zane da masu sanin sana'a a waje ɗaya, yawanci kwana biyu ko uku ba wani barcin kirki, a basu matsala ta gaske da bayanai na gaske, kowace ƙungiya ta fito da abu mai aiki ko da ɗanye ne. Manyan tashoshin duniya sun daɗe da kama wannan hanyar. A Rotadam ta ƙasar Holan, wadda ita ce tasha mafi girma a Turai, an sha yin World Port Hackathon. A Singafo kuma hukumar tasharsu tana shirya Smart Port Challenge tun 2017, kamfanonin jiragen ruwa su kawo abinda ke ci musu tuwo a ƙwarya, ƙananan kamfanonin matasa su kawo mafita. Dalilin a fili yake, sama da kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya ta ruwa suke bi, to jinkirin awa ɗaya ma kuɗi ne masu yawa.

To mu fa? Ni ta wajen kawuna na san tashar ruwa. Direban tirela ne, shekaru ya yi yana ɗauko kwantena daga tashoshin Apapa da Tin Can na Legas zuwa Arewa. Ina yaro in ya dawo yakan zauna a zaure ya buɗe wata baƙar leda da ya ɗaure da roba, takardu ne cike a ciki, wasu man inji ya ɓata su, wasu ruwan sama ya jiƙa har tawadar ta watse, yana jera su a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya yana neman wadda mai kaya zai sa hannu. Akwai tafiyar da ya yi sati biyu a layi bai ko shiga ƙofar tashar ba, a ƙarƙashin motar yake shimfiɗa, nan yake dafa shayi a ɗan risho, ga sauro ga masu tare hanya kowa na miƙo hannu. Shi kuma mai kayan yana nan Sabon Gari yana ta kiran waya, kuɗin jinkirin kwantena, wanda suke cewa dimarej, yana hawa kullum. Kuɗin nan ba a Legas yake tsayawa ba wallahi, yana biyo kayan har shago, ke Hajiya da kika sayi atamfa ko kai da ka sayi batirin sola kai ne ka biya shi.

Kuma an riga an gwada cewa manhaja tana taɓa wannan matsalar. A 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa, NPA, ta fito da Eto, tsarin da tirela zata yi rajista ta jira a gareji sai an kira ta kafin ta nufi tasha, maimakon kowa ya je ya tsaya a kan titi. Lokacin Hadiza Bala Usman ce shugabar hukumar, haifaffiyar Zariya, 'yar marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na ABU. Ina faɗin wannan ne saboda masu cewa harkar teku ba tamu bace.

Balle ma yanzu tashar ta biyo mu har gida. Tashar tsandauri ta Kaduna da ke Kakuri an buɗe ta a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ga ta Funtua nan kusa da mu. Manufarsu ita ce kwantena ta taho kai tsaye, kwastan su duba ta a nan, ɗan kasuwa ya fitar da kayansa ba sai ya je ya tare a Legas ba, haka kuma riɗi da citta da zoɓo su shiga kwantena tun daga nan su wuce ƙasar waje. Zariya kuwa a tsakiyarsu take, ga tsohuwar mahaɗar layin dogo, ga cibiyar NITT a hanyar Basawa da ke koyar da fasahar sufuri tun 1986, ga ABU cike da ɗaliban kwamfuta da injiniya. Na rasa garin da ya fi mu dacewa da irin wannan gasar a duk Arewa, amma shiru kake ji.

Abun da ke damuna da yawancin hakaton ɗin da nake bibiya a intanet shine ana gina abu don mutumin da ke zaune a ofis mai AC da babbar kwamfuta. Taswira mai kyau, jirage suna motsi a kan allo, alƙalai su tafa a bada kyauta, bayan wata uku babu mai buɗe manhajar. Da na gaya wa kawu abinda muke son yi sai ya ciro wayarsa, 'yar ƙarama mai madannai wadda murfin bayan ya tsage, ya ce "Ɗana, in abun naku baya shiga nan to ba namu bane." Ya ce akwai wuraren da zaka yi tafiyar awa guda ba sabis, kuma da yawan abokan aikinsa saƙon murya suke yi da Hausa, basa karanta dogon turanci. Nace "Kawu to me kuka fi buƙata?" Ya ce abu biyu. Mai kaya ya san inda motarsa take ba sai ya kira sau goma ba yana zargin direba ya tsaya yawo. Na biyu kuma lodin komawa, domin sau da yawa sai a sauke kaya a Arewa a juya da kwantena ba komai a ciki har Legas, gas ya ƙone a banza, alhali ga wani can da buhunan riɗi yana neman mota.

Wannan na biyun shi ya tsaya min a rai. Ba ya buƙatar wata fasaha mai tsada, lambar USSD ce irin wadda muke tura kuɗi da ita, direba ya danna ya ce ina Zariya, kwantena mai tsawon ƙafa 40, zan tashi jibi, mai kaya ya samu saƙo. Wahalar tana wajen amana, waye zai tsaya wa direban da baka sani ba, kuma kwantenar ta kamfanin jirgi ce, da sharuɗɗansu da ranar da dole a mayar musu. Irin wannan ƙullin mai rubuta manhaja shi kaɗai bazai kwance shi ba, sai an zaunar da direba da ejan mai fitar da kaya da ɗan kasuwa da wanda ya san dokar kwastan a tebur ɗaya tun daren farko.

Yanzu mu huɗu ne, biyu ɗaliban kwamfuta, ɗaya tana karatun sufuri, sai ni. Muna haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a Samaru, in an ɗauke wuta mu koma shagon da ke da sola. Kawu ya yi alkawarin kawo mana abokansa direbobi biyu sati mai zuwa tare da tsofaffin takardun lodi mu ga yadda ake cike su. Muna neman wanda ya taɓa fitar da kwantena ta Kakuri ko Dala, ko wanda ya san aikin ejan, dan Allah ya yi min magana, ko da awa ɗaya zai bamu.