Dala miliyan 39 ɗin Owusu-Koramoah: Browns sun yi ciniki ko sun yi asara?

Har yanzu in aka taɓo maganar kwantaragin da Cleveland Browns suka ƙara wa Jeremiah Owusu-Koramoah a watan Agustan 2024 sai ka ji wasu na cewa an zubar da kuɗi a rariya. Ni dai ban yarda ba, kuma ba don yaron jinin Ghana ba ne, duk da cewa ba zan ɓoye ba ina jin daɗin ganin shigar da yake yi ta kayan gida in zai shiga fili.

Ga waɗanda ba sa bin ƙwallon Amurka, wannan da ake sa hular kwano ana karo kamar raguna, matsayin da yake bugawa ana ce masa laimbaka, shi ne wanda ke tsayawa bayan ƙartin layin gaba a ɓangaren tsaro. Shi ke karanta inda wasa zai bi, ya tare mai gudu da ƙwallo, in an jefa kuma ya bi mai cafewa. Aiki ne na ido da gudu da kuma jiki, jikin ma shi ya fi shan wuya.

Browns sun ɗauko shi daga jami'ar Notre Dame a diraf na 2021, wato zaɓen sababbin 'yan wasa da kulob-kulob ke yi bi da bi, zagaye na biyu, lamba 52. Wannan zagaye na biyun shi ne tushen maganar, don ɗan zagaye na farko kulob na da damar riƙe shi shekara ta biyar, amma ɗan zagaye na biyu shekara huɗu ce kawai shikenan. Wato 2024 ce shekararsa ta ƙarshe, ko su biya ko ya shiga kasuwa kowa ya taya. Wani zai ce ai sai su manna masa tag ɗin nan na riƙe ɗan wasa shekara ɗaya, to amma hukumar gasar, NFL, tana lissafin tag ɗin laimbaka ne haɗe da albashin masu farautar kwatabak (mai jefa ƙwallo) daga gefe waɗanda kuɗinsu ya yi sama sosai, shi ya sa a 2024 kuɗin ya kai wajen dala miliyan 24 a shekara guda, babu mai hankalin da zai biya laimbakan tsakiya haka.

To me suka ba shi? Shekara uku, kuɗin zai iya kaiwa miliyan 39, miliyan 25 garanti. A shekara kenan wajen miliyan 12 da rabi zuwa 13. Iyakar albashin da aka yarda kowane kulob ya kashe a 2024 miliyan 255.4 ce, ka ga kenan kashi 5 cikin ɗari ne yake ci, kuma iyakar ta haura zuwa 279.2 a 2025, kusan kullum sama take yi, kwantaragin da ya yi tsada yau bayan shekara biyu ya zama araha.

Yanzu duba maƙwabta. Ravens sun ba Roquan Smith miliyan 100 na shekara biyar a Janairun 2023, miliyan 20 kenan duk shekara, bayan sun riga sun ba Chicago zaɓin zagaye na biyu da na biyar kafin su same shi. Su Chicago ɗin suka juya suka ba Tremaine Edmunds miliyan 72 na shekara huɗu. Fred Warner na 49ers tun 2021 ya karɓi 95 na shekara biyar. Patrick Queen ya tafi Steelers a 2024 kan 41 na shekara uku, wato har ya ɗan fi namu. Kuma fa yaron da muke magana shekararsa 24 lokacin, ya fito daga sizin ɗin da ya yi takil, wato kayar da mai ƙwallo, sama da 100, guda 20 a ciki ya kayar da mutum tun bai ƙetare layi ba, aka kira shi Pro Bowl, wasan zaɓaɓɓun gwanayen shekara, tsaron Browns ƙarƙashin kocin tsaro Jim Schwartz ya zama na ɗaya a ƙarancin yadin da aka ci su. Don Allah a wannan ranar wa zai ce 13 ta yi yawa?

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Ranar 27 ga Oktoba 2024, wasa da Ravens a Cleveland, ya yi karo da Derrick Henry, mai gudu da ƙwallo na Ravens, ya ji ciwo a wuya, da mota aka fitar da shi daga fili aka wuce asibiti. Bai ƙara bugawa a sizin ɗin ba, a watan Mayun 2025 kuma kulob ya sanar cewa 2025 ma gaba ɗaya ba zai buga ba. Allah Ya ba shi lafiya.

Masu suka suna da hujja guda da ba zan raina ba. Jikinsa ƙarami ne a wannan wajen, kilo 100 ne ko kusa da haka, kuma salon wasansa na faɗa wa mutum da gudu ne ba birki, ga shi a 2021 da 2022 duk ya rasa wasanni saboda ciwon ƙafa. Suna kuma kawo Shaquille Leonard na Colts, wanda aka ba kusan miliyan 99 a 2021, ciwon baya ya cinye shi, kafin ƙarshen 2023 an sallame shi. Gaskiya ne. Amma ai shi ya sa manajan Browns Andrew Berry bai ba da shekara biyar ba, uku ya bayar, kuma kuɗin bai kai kashi biyu cikin uku na abin da Roquan ke karɓa ba. An riga an cire kuɗin haɗarin a cikin farashin. Ciwon wuya daga karo ɗaya kuwa ba abin da likitan kulob zai hango a hoto ba ne.

Akwai kuma ɓangaren da 'yan kallo ba mu cika dubawa ba. A NFL yawancin kuɗin da ake rubutawa a jarida na baka ne, in aka kore ka ya tafi, garanti kaɗai ne naka. Kwantaraginsa na farko duka shekara huɗun bai kai miliyan 7 ba. Da ya ce bari in jira kasuwa ta buɗe a Maris 2025 ko zan samu 15 ko 17 irin wanda takwarorinsa Nick Bolton da Zack Baun suka samu, da wannan karon ya same shi hannu rabbana. Wata biyu da 'yan kwanaki ne tsakanin sa hannu da ciwon.

Wanda ke neman inda kuɗin Browns ya nutse ya je ya duba miliyan 230 da suka ba kwatabak Deshaun Watson a 2022, garanti duka har kobon ƙarshe, ga zaɓin zagaye na farko guda uku da suka miƙa wa Houston a kai. Inda ciwon Owusu-Koramoah ya taɓa su da gaske shi ne a diraf na 2025, dole suka kashe lamba 33 kan wani laimbakan, Carson Schwesinger na UCLA, alhali suna da ramuka a ɓangaren kai hari da wannan lambar za ta iya toshewa.