Suɗi

Lahadi, bayan sallar isha'i.

Gida ya yi tsit yau bayan hayaniyar sunan jaririn Hafsa da aka yi jiya. Na so in rubuta labarin taron ne, da waɗanda suka zo da irin kayan barkar da dangin uba suka kawo, amma wani ɗan abu da ya faru da safe ya tsaya mini a rai har ya hana ni sakat, don haka shi zan rubuta.

Da misalin ƙarfe tara Iya Talatu ta zo wanke-wanke kamar yadda ta saba. Ina tsaye a bakin madafa ina kankare ragowar shinkafa daga farantan baƙi ina tarawa a roba guda, wata da ƙashin da aka riga aka tauna, wata miya ta jiƙa ta tun daren jiya, sai na ji bakina ya ce, "Iya, in kin gama ga wannan, kya tafi wa yara da shi." Ta ce ta gode, Allah ya raya, kuma ko kaɗan ba ta ɓata fuska ba. Sadiƙu yana zaune a kan turmi yana shan shayi, bai ce uffan ba sai da na zo wucewa, sannan ya tambaye ni a hankali, "Yaya, kin kuwa gama karanta littafin nan da na ba ki?" Nan take na gane inda ya dosa, kuma na ji haushinsa ƙwarai, domin da safe ne kuma ban yi barcin kirki ba.

Littafin da yake nufi shi ne wanda ya taho mini da shi lokacin da ya dawo daga karatu a Indiya, wato tarihin rayuwar Omprakash Valmiki da ya rubuta da hannunsa cikin harshen Hindi, aka buga a 1997, fassararsa ta Turanci kuma ta fito a 2003, ita ce nake karantawa. Sunan littafin Joothan, kuma ma'anar kalmar ita ce abincin da wani ya ci ya rage a faranti. An haifi Valmiki a 1950 a ƙauyen Barla da ke gundumar Muzaffarnagar ta jihar Uttar Pradesh, a cikin al'ummar Chuhra, waɗanda gadonsu shi ne shara da kwashe kashin shanu da ɗauke mushe, kuma waɗanda masu ƙasa na ƙauyen, wato Tyagi, suke ɗaukar taɓa su a matsayin ƙazanta. A shekarar da aka haife shi ne kundin tsarin mulkin Indiya ya fara aiki, sashe na 17 ya soke wannan wariya, amma dokar tana Delhi, shi kuwa yaron yana Barla. A makaranta ana zaunar da shi nesa da tabarmar sauran yara, idan ƙishirwa ta kama shi sai ya tara tafin hannu a tsiyayo masa ruwa daga sama don kada ya taɓa moɗa, har wata rana shugaban makarantar ya fitar da shi daga aji ya sa shi share harabar makaranta, ya maimaita haka kwana uku, sai da mahaifinsa ya zo wucewa ya gan shi yana kuka, ya fizge tsintsiyar ya yi jifa da ita.

Amma ba wannan wurin Sadiƙu yake nufi ba. Wurin biki yake nufi. Valmiki ya ba da labarin yadda mutanensu suke zama a waje da manyan kwanduna idan ana aure a gidajen Tyagi, suna jira baƙi su gama ci a zubo musu farantan ganye da abin da ya rage a kai, su kai gida su tsince, guntayen gurasar da aka soya kuma su shanya a rana su ajiye saboda yunwar damina. Ranar auren 'yar wani mai gida da mahaifiyarsa ta daɗe tana yi wa aiki, ta roƙi a ba 'ya'yanta ɗan abinci mai kyau, mai gidan ya nuna mata kwandon ragowar ya ce ta san matsayinta. Sai ta kife kwandon a gabansa, ta ja 'ya'yanta ta tafi, kuma ba ta ƙara komawa ƙofar gidan ba. Na karanta wannan shafi makonni biyu da suka wuce har na yi ƙwalla, sannan yau da safe ga ni da roba a hannu.

Bayan azahar na tare shi a zaure, domin ban yarda ya jefa mini magana ya wuce ba. Na ce masa kada ya kwaso mini cutar wata ƙasa ya shafa mini, mu nan ba mu san wani mutum da taɓa shi yake ƙazantar da wani ba. Iya Talatu tana sha da moɗar da nake sha, tana sallah a kan dardumata, ranar da na yi zazzaɓi ita ta riƙe kaina. Na kuma tuna masa cewa mu kanmu da suɗi muka tashi, har faɗa muke yi a kan suɗin Baba, wanda ya riga kai hannu kwanon shi ne mai rabo, kuma ɗalibai na rububin suɗin malaminsu don neman albarka. Ya saurare ni har na gama, ya ce duk gaskiya ne, kuma shi da ya zauna a can ya san abin ba ɗaya ba ne, ba zai taɓa cewa ɗaya ba ne. Sannan ya ce, "Amma Yaya, suɗin Baba daga kwano ɗaya yake, kuma kin san bakin da ya ci. Na robar nan na bakin mutum nawa ne? Kuma tukunyar da ba a taɓa ba, wa kika ajiye wa?" Akwai rabin tukunya kuwa, na rufe ta na ajiye don aika wa maƙwabtan da ba su samu zuwa ba, mutanen da babu wanda zai kwana da yunwa a cikinsu.

Ban ba shi amsa ba, na ce yaro ne shi bai san tattalin gida ba. Shi kuwa ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi ya ci gaba da ba ni labarin mutumin, kamar ba ni ce nake karanta littafin ba: yadda ya koma Dehradun karatu, wani abokinsa ya miƙa masa tarihin Ambedkar, jagoran gwagwarmayar mutanen da ake ƙyamar taɓawa a Indiya, a ɗakin karatu, a nan ya fara jin cewa abin da ya sha tun yana yaro yana da suna kuma akwai waɗanda suka yaƙe shi, yadda ya yi aiki a masana'antar makamai ta gwamnati, ya zauna shekaru a Maharashtra inda adabin Dalit, wato al'ummomin da ake ƙyamar taɓawa irin tasa, ya riga ya yi ƙarfi cikin harshen Marathi, ya dawo da wannan wutar cikin Hindi da waƙoƙi da gajerun labarai. Ya rasu a Dehradun a watan Nuwamba na 2013. Abin da ya fi burge Sadiƙu shi ne sunan. Valmiki suna ne da ke fallasa asalin mai shi da zarar an ji, 'yan uwansa da dama sun sauya nasu don su samu hayar gida da zaman lafiya a wurin aiki, an sha matsa masa ya ajiye, ya ƙi.

Maganar sunan ce ta ƙara dagula mini lissafi, domin ta tuno mini da Bilkisu, da saurayin nan nata mai digiri biyu wanda kowa ya yaba da hankalinsa, har ranar da aka tura bincike aka dawo da labarin cewa kakansa mahauci ne. Ba wanda ya ce masa kada ya shigo gida, ba wanda ya ware masa kwano, an dai ce "a yi haƙuri" ne cikin ladabi, kuma ina cikin waɗanda suka yi shiru a ɗakin. Har yanzu ina kan bakana cewa wannan bai kama ƙafar abin da aka yi wa yaron Barla ba, kuma ba na son masu saurin cewa duk kanwar ja ce. Sai dai mun shekara da shekaru muna kallon finafinan Indiya a gidan nan, mun haddace sunayen jarumai da waƙoƙin aurensu, ban taɓa tambayar wanda yake kwashe farantan bayan an gama rawar ba.

Hafsa tana samun sauƙi, jaririn yana kama nono sosai. An kawo wuta da la'asar, ta ɗauke kafin magariba.

Da na fita rufe madafa ɗazu na tarar da robar a bayan randa, a rufe yadda na ba da ita. Iya Talatu ta wanke komai tas, ta kife tukwanen a rana, ta karɓi kuɗinta ta yi mini sallama da fara'a, amma ba ta ɗauka ba. Sadiƙu ya ce wataƙila mantawa ta yi, kuma na lura wannan karon bai yi murmushi ba. Na tsaya da fitila a hannu na ɗan jima ina kallonta, sannan na juye wa kaji. Gobe da ƙarfe tara za ta dawo, kuma tun ɗazu nake juya yadda zan gaishe ta.