Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ni da Kawu a Bakin Jakara

Makon jiya na tsaya a inda Baba ya damƙa ni a hannun Kawu, ƙanin Innarmu, mai sarin kayan lambu.

Gidanmu a bayan Kasuwar Kurmi yake, don haka tun ina rarrafe na san Jakara, ƙoramar nan da ta ratsa birnin Kano. Mu yara kwata muka ɗauke ta, wurin zubar da ruwan wanke-wanke da shara da mushen akuya. Kakata ce kaɗai ke ganin girmanta. Takan ce a zamanin Barbushe wurin daji ne mai duhu, ruwansa baƙi ƙirin, mutanen Dala na shakkar sa, sai daga baya Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwa a gefensa. Da na girma na karanta cewa Baturen nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar da ita fadama ce babba da ta ratsa tsakiyar gari.

Sai da na fara bin Kawu na ga inda ruwan ƙofar gidanmu yake zuwa. Yana fita daga birni ya kwashi jini da kashin shanu na mayanka, ya bi ta Fagge da gefen Sabon Gari, ya miƙa arewa maso gabas. Can gaba rafin Getsi ya iske shi, ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, musamman na masu jimar fata. Wata rana ja, wata rana shuɗi, ga kumfa, ga warin da ke kama riga har ka koma gida. Ƙarshensa dam ɗin Wasai a ƙasar Minjibir, wanda aka gina a 1976, inda masunta ke kama kifi.

Lambunan da muke sari a Kwakwaci suke. Da rani, ko'ina ya bushe, amma can shar! Latas, kabeji, karas, alayyahu, injin ban-ruwa na ta kuka yana jawo baƙin ruwan nan cikin kunyoyi.

"Kawu, da wannan ruwan ake shayar da abin da muke ci?"

"Kai yaro, rufa mana asiri. Wannan ai taki ne kyauta. Ɗauki kwandon mu tafi."

Ban taɓa ganin laifin manoman ba, har gobe. Mutumin da ba shi da rijiyar burtsatse, ga iyali, ga ruwa na wucewa ta bakin gonarsa, me kake so ya yi? Masu bincike na Jami'ar Bayero sun sha gano dalma da kromiyam, ƙarafa masu guba, a ruwan da ƙasar da ganyen, kuma wanki ba ya fitar da su. Haushina yana kan mai kamfanin da ya saki dafi bai tace ba, da mu 'yan birni da muke toshe Jakara da leda, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakuna mu ce ƙaddara.

A 2013 gwamnatin Kwankwaso ta fara rufe ta da kankare, aikin titin Wuju-Wuju. Inda aka rufe wari ya ragu, gaskiya. Amma ruwan da ke fita Kwakwaci shi ne dai na jiya.

Ana haka, ranar wata Laraba Kawu ya tashi ba lafiya, ya miƙo mini kuɗin sari ya ce in kai kaya Kasuwar 'Yankaba ni kaɗai. Abin da dillalai suka yi mini a can, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.