Tsakanin allon kwamfuta da takarda: abin da aikin zane ya koya mini

Mafi yawan ɓarnar da ake samu a aikin zane tana faruwa ne a kan hanya, wato daga lokacin da mai zane ya ce ya gama zuwa lokacin da aikin ya fito daga injin bugu. A allon kwamfuta komai tsaf, launi na walƙiya, rubutu a miƙe. Takarda ta fito, sai a ga shuɗin ya dushe, fuskar da ke hoton ta yi dishi-dishi, wuƙar yanka ta ci harafin ƙarshe na lambar waya. Babban abin da sana'ar nan ta koya mini shi ne irin wannan kuskure yana da sanadi da ake iya kamawa, kuma wanda yake rubuta abin da ya yi a kowane aiki da dalilin yinsa ba ya faɗawa rami ɗaya sau biyu.

A fara da launi, domin nan rigima da mai aiki ta fi yawa. Allon kwamfuta da na waya haske suke fitarwa, suna haɗa ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Injin bugu kuwa tawada huɗu yake shimfiɗawa a kan farar takarda, wato CMYK (C shuɗi mai haske, M ja mai ruwan hoda, Y rawaya, K baƙi), kuma tawada ba ta iya kai wa ga ƙyallin da haske ke bayarwa. Shuɗi mai ƙarfi da kore mai ɗaukar ido su ne kan gaba wajen mutuwa idan an juya su daga RGB zuwa CMYK. Saboda haka aikin da za a buga, a buɗe shi a CMYK tun farko, kuma hoton da za a tura wa mai aiki ya duba ya fito daga wannan fayil ɗin. Idan an nuna masa mai ƙyalli ya amince, sannan aka kai masa mai dushewa, yana da gaskiya in ya ce ba abin da ya gani ba ke nan.

Baƙi ma kansa iri biyu ne, kuma nan ne sababbin hannu suka fi tuntuɓe. Ƙananan rubutu a sa musu baƙar tawada zalla, K 100, sauran ukun sifili. Idan aka bar rubutun da baƙin RGB aka juya shi daga baya, sai ya zama haɗin tawada huɗu, kuma da zarar ɗaya daga farantan da inji ke buga kowace tawada da su ya goce da ɗan abin da bai kai gashin kai ba, haruffa za su fito da inuwar ja ko shuɗi a gefensu. Amma babban fili, kamar bangon littafi mai baƙi gaba ɗaya, K 100 kaɗai yana fitowa kamar toka mai duhu. Nan ake haɗa masa, misali C 60, M 40, Y 40, K 100. Jimillarsa 240 ke nan, kuma lissafin yana da muhimmanci: idan jimillar tawada ta wuce kimanin 300 a takarda mai sheƙi, ba ta bushewa da wuri, sai ta shafi bayan takardar da aka ɗora a kanta. Takardar jarida ba ta ɗaukar ko kusa da haka. A tambayi mai bugu iyakar da takardarsa ke ɗauka kafin a fara, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun ingancin hoto. Abin da za a riƙe a hannu a karanta yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci. Takardar A4 faɗinta milimita 210, tsawonta 297, don haka hoton da zai cika ta sai ya kai fiksel, wato ɗigon hoto, 2480 da 3508. Hoton da aka ɗauko daga Instagram mai faɗin fiksel 1080, a wannan ma'auni kimanin santimita 9 ne kawai. Ja shi ya cika shafi ba ya ƙara masa komai, manhajar tana ƙirƙiro ɗigon da babu ne kawai, shi ya sa yake fitowa kamar an shafa masa ruwa. Babbar tuta da ake kallo daga nesa ba ta buƙatar 300, ɗigo 100 ko ƙasa da haka ya wadatar. Wani abu da ke lalata aiki a ɓoye shi ne tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi ya rage masa girma. A roƙi mai aiki ya turo a matsayin fayil. Tambari kuwa kada a karɓe shi a JPEG in da hali, a nemi na asali a SVG, AI, EPS ko CDR, wanda za a iya faɗaɗa shi daga katin aljihu zuwa jikin mota ba tare da ya fashe ba.

Wuƙar yanka ba ta sauka daidai kan layi kullum, takan goce da milimita ɗaya ko biyu. Shi ya sa duk launi ko hoton da ya taɓa bakin takarda ake barinsa ya zarce da milimita 3 a kowane gefe, A4 ta zama 216 da 303. Rubutu kuma a janye shi ciki da milimita 5 daga inda za a yanka. Ƙasida mai ɗinkin waya a tsakiya, yawan shafukanta dole ya zama wanda za a iya raba shi gida 4 daidai.

Haruffa suna da tasu matsalar. Idan kwamfutar mai bugu ba ta da samfurin haruffan da aka yi amfani da shi, za ta musanya shi da wani, layuka su warwatse. Maganinsa a fitar da PDF da haruffan a cikinsa, ko a mayar da rubutun zane: Ctrl+Q a CorelDRAW, Ctrl+Shift+O a Illustrator. Sai dai a yi haka a kwafi, a ajiye na asali, domin rubutun da aka mayar zane ba ya gyaruwa. Kafin ma a zaɓi samfuri, a gwada shi da duk haruffan da aikin ke buƙata. Da yawa daga masu kyan gani ba su da ƙ, ɗ, ɓ, sai manhaja ta aro su daga wani samfurin, harafi ɗaya ya tsaya a tsakiyar kalma da kauri daban kamar bare a cikin dangi. Ido ba ya kama wannan a allo sai an faɗaɗa, amma a takarda yana fitowa fili.

Duk waɗannan ana iya karanta su a ko'ina. Abin da ke mayar da su ilimin hannu shi ne rubuta tarihin kowane aiki. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan sunan aiki da lamba: 2024-03-15 kalanda 03. Haka fayiloli ke jera kansu bi da bi, kuma ba za a tura tsohon kwafi wurin bugu bisa kuskure ba. A kusa da su a ajiye ɗan rubutu, layi biyu ko uku ga kowane kwafi: me aka canza, wa ya nema, me ya sa. Bayan an buga, a ƙara nauyin takarda (giram 80 ce ko 150 ko 300), mai sheƙi ce ko maras sheƙi, lambobin launin da aka sa, da yadda suka fito. A yanko ɗan guntun abin da aka buga a liƙa a littafi, a rubuta lambobin a ƙarƙashinsa. Bayan shekara guda wannan littafin ya fi kowane allo faɗin gaskiya game da yadda jan da kake so yake zama a kan takarda maras sheƙi, wadda ke shan tawada ta sa launi ya yi duhu.

Wannan rubutun ne kuma yake sa nuna aiki ga jama'a ya yi ma'ana. Hoton aikin da aka gama, an ɗora shi a kan hoton kwalba ko riga, yana jawo yabo, amma wanda ke neman mai zane yana son ya ga yadda kake tunani. A nuna zanen fensir na farko, a nuna tambarin da aka watsar tare da dalili, misali layukansa sun yi siriri sun ɓace da aka rage shi zuwa santimita 2, ko ya rikice da aka mayar da shi baƙi da fari. Sannan a nuna wanda aka tsaya a kansa, a hoton ainihin abin da aka buga, an ɗauke shi da hasken rana. A ganina wannan hoton na ƙarshe ya fi sauran daraja, ko da yana da ɗan aibi. Sharaɗi ɗaya ne ba a tsallakewa: aikin da mai shi bai fitar ba tukuna ba a nuna shi sai da izininsa, kuma gara a rubuta wannan izinin a yarjejeniyar farko, tare da yawan gyaran da kuɗin aikin ya ƙunsa, sau biyu ko uku.

Kafin a tura fayil na ƙarshe, a buga shi a ƙaramar firinta da ainihin girmansa, ko da baƙi da fari ne, a yanke gefensa da almakashi, a naɗe shi yadda za a naɗe na gaske. A ba wanda bai taɓa ganin aikin ba ya karanta shi da babbar murya, lambobin waya da ranaku ɗaya bayan ɗaya, kana riƙe da takardar da mai aiki ya turo kana bi. Sannan mai aiki ya sa hannu a kan wannan kwafin, a rubuta lambarsa a littafin tarihi, shi ne za a kai wurin bugu.